Gam ɗin PU: a Jidda kumfa yake tofarwa, a Riyad ya ƙi kamawa, me ke faruwa ne?

Kafinta_ɗanBichi:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya, ya zafi. Dan Allah ina da tambaya ga wanda ya san harkar sinadarai ko wanda ya daɗe yana aiki da gam, don abin ya fara ba ni haushi wallahi.

Ni kafinta ne, shekara tara na yi a wata warsha a Jidda wajen Kilo 14, bara kafilina ya buɗe wata a Riyad ya ce in koma in riƙe masa. Akwai gam ɗin da muke sa wa ƙofofin waje da kabad ɗin kicin na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai kalar zumar nan da ake rubuta PU a jikin robarsa, ba farin gam ɗin da muka sani tun gida ba. A Jidda in na shafa na matse, kafin in sha shayi in dawo ya fara tofo kumfa ta gefe kamar an kaɗa omo, awa uku huɗu ya kama ɗam, matsalarmu ɗaya da shi can in ka buɗe robar ba ta wata biyu sai ka tarar ta daskare kamar dutse ka yi asarar riyal ɗinka.

To nan Riyad ranar Asabar na haɗa wata ƙofa ta katakon da ake ce wa zan, na bar ta a matse tun azahar, washegari da hantsi na kwance na ɗan bubbuga da guduma sai kawai ta buɗe baki, gam ɗin yana nan danƙo-danƙo, kumfar ma 'yar kaɗan. Na ɗauka jabu aka sayar min, na koma na yi wa mai shagon tas har mutane suka taru, ya canza min wata, ita ma haka. Na kunna masa fanka, na ƙure mukayyif, wato AC, wai don ya bushe da wuri, shiru. Sai kuma na biyu, murfin tankin ruwanmu na roba ya tsage na liƙe shi da wannan gam ɗin, shi kam bayan kwana biyu ya sandare sarai, amma da farce na ɓare shi kamar ɓawon albasa ko alama bai bari ba. Ta yaya abu ɗaya zai kama katako kamar walda a wani gari, ya ƙi a wani gari, roba kuma ya ƙi ta ko'ina? Wanda ya sani ya taimaka, mai ƙofar ya fara kira na.

AbuWalid_mai_gilas:

Wa alaikumussalam. Malam kafinta ka je ka bai wa mai shagon nan haƙuri kawai, hhhh. Ruwa gam ɗinka yake nema. Ka samu robar feshi irin ta masu guga ka ɗan fesa wa gefe ɗaya na katakon, ka sa gam a ɗayan gefen, ka matse. Bayanin dalili kuma a jira Injiniya ya taso daga aiki, ni a aikace na san shi.

Injiniya_Jubail:

Salam. Abu Walid ya faɗi maganin, bari in faɗi ciwon, amma a yi haƙuri da ni zan ɗan ja dogo saboda in aka gane wannan abu ɗaya sauran tambayoyin duk sun warware da kansu.

Malam Kafinta, kuskuren yana cikin kalmar nan da ka yi ta maimaitawa, "bushewa". Farin gam shi ne yake bushewa, ruwa ne a cikinsa, in ruwan ya fita sai ya kama, shi ya sa fanka da rana suke taimakonsa. Shi foliyuretan, wato PU ɗin nan, babu ruwan da zai fita daga jikinsa, akasin haka ma, jira yake wani abu ya shigo. A cikin robar nan akwai wasu gajerun sarƙoƙi, kowacce a bakinta akwai wani sinadari mai masifar kwaɗayi da ake ce wa aisosayanet, a takarda za ka ga an rubuta NCO, kuma irin wanda aka fi sa wa gam ɗin katako shi ne MDI. Wannan bakin duk inda ya ga ruwa sai ya cafke shi. In ya cafke abu biyu ne ke faruwa, ya saki iskar kabon dayoksaid, wato kumfar da kake gani, shi kuma ya rikiɗe ya zama wani abu da ake kira amin, wanda nan take yake cafke bakin sarƙar da ke kusa da shi su ƙulle. Haka za su yi ta ƙullewa gaba da baya da gefe har ruwan zumar nan ya koma roba mai tauri guda ɗaya. Ka ga kenan ruwa shi ne allurar da ke ɗinke shi. Babu ruwa babu ɗinki.

Yanzu ka duba garuruwan biyu. Jidda bakin teku ce, danshin iska kashi 60 cikin ɗari ba labari ba ne, katakon da ya kwana a warsha ya sha ya ƙoshi. Riyad kuwa lokacin zafi danshin yakan sauka wajen kashi 10, ga katakon zan dama a tanda ake busar da shi kafin a shigo da shi, kai kuma ka zo ka ƙure masa mukayyif, wanda aikinsa ma tatse ɗan danshin da ya rage ne. Wato mai jin ƙishirwa ka yi wa fifita. Robar da ke daskare maka a Jidda ma maganar ɗaya ce, duk buɗewa iska mai laima tana shiga tana fara aikin tun a cikin roba. In ka gama ka matse robar iskar ta fita kafin ka rufe, kuma ka riƙa sayen ƙarama.

Amma a kula, ɗan feshi aka ce, kamar yadda mai guga yake yi wa shadda, ba wanka ba. Giram 1 na ruwa yana iya fitar da iskar da ta haura lita 1, in ka cika ruwa layin gam ɗin zai zama soso. Mutane da yawa suna ganin kumfar su ji daɗi wai ta cike gurbi, wallahi kumfar nan ba ta da ƙarfin komai, da ɗan yatsa za ka murƙushe ta. Ƙarfin yana cikin siririn layin da aka matse sosai, shi ya sa in haɗin naka yana da rata wannan gam ɗin ba zai rufa maka asiri ba, sai ka koma ka gyara fiƙarka.

Dalilin da ya sa yake son katako kuwa, jikin katako cike yake da ƙananan ramuka, gam ɗin yana tsiyaya ciki ya sandare a can kamar saiwa, sannan zaren katakon da kansa yana ɗauke da irin hannayen da ruwa ke da su, OH ake rubuta su, sarƙar gam ɗin tana manne musu ta hanyar wani jan juna da ake kira haɗin haidirojin. Ɗaya ɗaya ba shi da ƙarfi amma sun yi yawan da ba sa ƙirguwa. Fata, siminti, yadi, ƙarfen da aka goge, duk suna da abin da zai riƙe. Tankinka kuwa foliyetilin ne, ɗan uwan kakin kyandir, daga kabon sai haidirojin, ba rami ba hannu, ka ɗiga masa ruwa ka gani, zai dunƙule ya gangare kamar a bayan agwagwa. Abin da ruwa bai kwanta a kai ba wannan gam ɗin ma ba zai kwanta ba. Ka kai wa masu waldar roba su narka maka shi da iska mai zafi, shi ne kawai.

Ƙarin bayani ga mai so, wani Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano wannan haɗin a 1937 a Leverkusen. Kuma abin sha'awa kayan haɗin a nan ƙasar ma ana yin su, kamfanin Sadara da Aramco da Dow suka kafa a 2011 nan Jubail yana fitar da MDI da ɗan uwansa TDI, da kuma foliyol, wato ɗaya sinadarin da ake haɗa su da shi. Katifar soso da kake kwana a kai da abin da ke cikin bangon firij ɗinka duk dangi ɗaya ne da gam ɗinka.

Baduku_SharaMansur:

Masha Allah Injiniya Allah ya ƙara basira, na karanta sau biyu. Amma ni fa ka rikita ni ɗana. Shekara ashirin da wani abu ina gyaran takalmi a Makka, muma muna da gam ɗin da ake ce wa PU, farin nan garai-garai kamar ruwan ƙwai mai warin asiton, kuma shi wallahi in ruwa ya taɓa shi ya lalace, bushewa yake yi sosai har ka taɓa ka ji ba ya kama hannu ko kaɗan, sai ka kara shi a wuta ko ka hura masa diraya ya yi ɗumi sannan ka haɗa ka buga da guduma, in ka haɗa shi da sanyi ko minti biyu ba zai yi ba. To shi kuma wane iri ne, ko sunan ne kawai ɗaya?

Sannan ga abin da ke ba ni tausayi duk shekara lokacin aikin Hajji. Tsoho zai zo min da takalmi sabo fil, ya ce tun Umarar da ya yi shekara biyar da suka wuce ya saya ya ɓoye a akwati yana tattalinsa, ya saka yau daga masauki kafin ya kai Harami tafin ya ruɓe yana zuba kamar garin kwaki, wani kuma ya yi danƙo kamar alewa. Bana ma wani bawan Allah daga Gombe a leda ya kawo min gutsattsarin yana tambaya ko za su haɗu, na ce Baba sai dai sabon tafi. Takalmin da ake sawa kullum bai yi haka ba sai wanda aka ɓoye, wannan kuma meye sirrinsa?

Injiniya_Jubail:

Baba Baduku ai ku ne malaman, mu a takarda muka karanta ku kuma a hannunku yake. Gaskiyarka, naku daban ne duk da gidansu ɗaya. Na kafinta ɗanye ake sayar da shi, sai a kan katako yake ƙarasa haɗuwa. Naku kuwa tun a masana'anta an riga an gama ƙulla doguwar sarƙar, sai aka narkar da ita a cikin asiton da 'yan uwansa don ta shafu, shi ya sa shi bushewa yake yi da gaske.

Batun wuta kuwa nan ne abin yake da daɗi. Ita sarƙar foliyuretan ba iri ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe, ka ɗauka igiyar roba ce mai laushi da aka yi mata ƙulli masu tauri jefi-jefi. Masu taurin suna neman juna su cure, su ne ƙarfin, masu laushin su ne suke ba shi damar lanƙwasa da miƙewa ba tare da ya tsage ba, shi ya sa ya dace da takalmin da za a lanƙwasa sau dubbai a rana. Mai haɗa gam yana wasa ne da yawan wannan da wancan, ya ƙara masu tauri ya samu na katako, ya ƙara masu laushi ya samu na cike tsagar gini. To a gam ɗinku ɓangaren mai laushin an zaɓo wanda in ya huce yake jeruwa ya daskare kamar man shanu da sanyin hunturu, shi ya sa kake taɓawa ba ya kama hannu. In ka kai shi wajen digiri 60 zuwa 70 sai ya narke, fuskokin biyu su shige cikin juna, yana hucewa ya sake daskarewa ya kulle. Illar kawai ita ce abin da zafi ya ƙulla zafi yana iya kwancewa, takalmin da aka bari a cikin mota a ranar Makka da azahar ya kai wannan zafin har ya wuce. Wannan 'yar kwalbar da ake sayarwa tare da shi, da ake ɗiga kamar kashi 5 cikin ɗari, aisosayanet ce, ita take ɗinke sarƙoƙin ta gefe yadda zafi ba zai sake narka su ba. Na san wasu suna tsallake ta don tsada, kuma in an haɗa dole a ƙarar a ranar, amma a garin nan ni a ganina ba abin tsallakewa ba ce.

Ka lura kuma tafin robar da ake ce wa PVC shi PU ne yake riƙe shi da kyau, rawayan sholisho yana kamawa yau bayan wata ya yi yauƙi ya saki, saboda man da ake sa wa PVC don ya yi laushi yana tsattsafowa ya jiƙa shi. Tafin baƙar roba kuma sai an goge an shafa masa ruwan nan mai warin bilic tukuna, kulorin ne a ciki irin na tafkin wanka, yana sassaƙa wa robar hannayen da ba ta da su. Maganar tankin Malam Kafinta ce ta dawo ta wata ƙofar.

Takalmin tsofaffin nan kuwa tafinsa ma foliyuretan ne, kuma ruwa ne ya ci shi, Allah sarki. Ɓangaren mai laushin iri biyu ake yi, foliyesta ko foliyeta. Foliyesta ya fi kama jiki ya fi jure mai da gogayya, shi ya sa masu takalmi suke son shi, amma haɗinsa laima tana tsinka shi sannu a hankali, kuma duk tsinkewa tana haifar da ɗan asid da ke ƙara saurin ta gaba, ga zafi yana zuga su. Akwati a rufe cikin ɗakin da ya sha damina biyar ai tukunya ce aka ɗora. Wanda ake sawa kullum yana shan iska, kuma kafin ciwon ya ci ƙarfinsa ma an cinye tafin da tafiya. Foliyeta shi bai damu da laima haka ba, shi ya sa aka fi sa shi a abin cike gefen gini da na mota.

AbuWalid_mai_gilas:

Tunda an zo kan mota bari in sa baki, nan ne gonata. Baƙin gam ɗin da muke ɗaura gilashin gaba da shi shima PU ne mai shan laima irin na kafinta, sai dai shi an haɗa shi yadda ba zai yi kumfa ba kuma daga waje yake nuna yana shiga ciki, a takardar yawancinsu za ka ga kamar milimita 3 zuwa 4 a awa 24 in zafi digiri 23 ne danshi kashi 50, to ka ƙiyasta a Riyad ko Madina da rani. Saman zai yi fata ka ɗauka ya gama alhali cikinsa kunu ne.

Wata rana wani yaro da nake koya wa aiki, lokacin korona ne ko'ina sanitaiza, ya ga gefen gam ɗin bai kwanta ba sai ya fesa sanitaiza a yatsa ya shafe shi sumul gwanin kyau, bayan kwana uku mai motar ya dawo wurin yana nan yana kama hannu kamar cingam, dole muka yanke muka sake da kuɗinmu. Daga baya Injiniya ya yi min bayani da misalin da har yau ban manta ba, ya ce ka ga ayarin alhazan da ke riƙe hannun juna a ɗawafi don kar su ɓace, ruwa mai hannu biyu ne yana kama na gaba ya kama na baya, shi kuwa sifirit ɗin da ke cikin sanitaiza hannu ɗaya gare shi, in ya kama ka layin ya yanke daga kansa. Don haka in za ka goge wuri da sifirit goge abinka, amma ka bari ya tashi tas kafin gam ya sauka.

Kuma baƙin zanen nan da kuke gani a gefen gilashi ba ado ba ne, shi ke kare gam ɗin daga rana, don irin MDI ɗin nan rana tana mayar da shi rawaya ta cinye fuskarsa ya fara gari. Kafinta kaima duk kumfar da ta leƙo waje a ƙofa ka kankare ka rufe da fenti. Gilashi kuma sai an shafa masa faraima, ita ce ɗan tsakani, gefe ɗaya ta kama gilas gefe ɗaya ta kama gam. Tsohon gam ɗin ma ba ma kankare shi har ƙarfe, muna barin kamar milimita 1 ko 2 don sabo ya fi son kama ɗan uwansa da aka yanka yanzu. Wanda duk ya ce zai ɗaura maka gilashin gaba da silikon ɗin banɗaki ka karɓi makullinka ka gudu.

Maman_Hanan:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba sana'ata ba ce amma maigidana aikin da yake yi kenan na feshin soso a rufin gidaje, dan Allah ku riƙa faɗa wa juna maganar lafiya ma. Shekara biyu yana tari da dare ƙirjinsa yana kuka, ranar Juma'a da ba ya aiki sai ya samu sauƙi, da muka je asibiti likita ya ce asma ce ta dalilin wannan aisosayanet ɗin kuma in jiki ya riga ya tsane shi ko kaɗan aka shaƙa sai ta tashi. Ɗan uwana da ke Jamus ya ce can tun watan Agustan 2023 dokar Tarayyar Turai ta ce sai an yi maka horo kafin ka yi aiki da shi. Baba Baduku kai da kake hura masa wuta a ɗan ƙaramin shago a riƙa buɗe ƙofa dan Allah. Ku sa safar hannu kuma, baƙin da yake bari a hannu ba sabulun da ke fitar da shi sai fatar ta saɓule da kanta.

Kafinta_ɗanBichi:

Jama'a Allah ya saka da alheri, Maman Hanan Allah ya ba maigida lafiya, na sayo safar hannu kwali guda. Jiya bayan la'asar na kankare tsohon gam ɗin da samfefa har sai da na ga farin katako, na fesa ruwa sau biyu a gefe ɗaya na jira ya ɗan sha, na shafa siriri a ɗayan na matse na kashe mukayyif. Kafin magariba sai ga kumfar nan tawa ta Jidda tana leƙowa, wallahi kamar na ga ɗan garinmu. Da safe na gwada da wasu guntaye biyu da na haɗa a gefe, na sa guduma na maka, katakon ne ya tsage layin gam ɗin yana nan. An kai ƙofa ɗazu.

Mai shagon kuma na je da lemo biyu na ba shi haƙuri, ya ce shi dama ya so ya faɗa min maganar ruwan amma ban bar shi ya yi magana ba. Saura tanki, wanda ya san mai waldar roba ta wajen Batha ko Manfuha ya taimaka min da kwatance.